Faifan Dogo Shi Kaɗai

Shekara ashirin da shida Dogo yana tsaye a bayan makaɗan gidan rediyo, rungume da wani ƙaton goge da ya kusa fin shi tsawo. A takarda sunan gogen dabul-bas. In aka tambaye shi ma'anar, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai sautin ƙasa ne mai ninka na sauran: yana bin waƙar kowa ta ƙarƙashi, ba a yaba masa, amma ranar da ya yi shiru kiɗan gaba ɗaya zai zube.

Yayansa ne ya kafa ƙungiyar, shi ya koya masa gogen. Gajere ne Yaya, masifaffe, ga wani ɗan tari sau biyu da yake yi kafin ya fara komai, ko da cin abinci ne. Ya zagi mai ganga, ya kori masu busa uku, amma bai taɓa ce wa Dogo ya maimaita ko layi ɗaya ba. Da an gama ɗauka sai ya ce wa Dogo ya bar gogen nan saboda nauyi, ya tafi gida ya huta. Shi kuma Yaya ya tsaya da mai ɗaukar sauti, wai suna gyare-gyare.

Abu ɗaya ke ɓata wa Dogo rai: da safe yakan tarar an rage tsawon ƙafar ƙarfen da gogen ke tsayawa a kai. Masu shara sun sha faɗa a kan haka.

Sai Yaya ya rasu. Ba a yi wata biyu ba sabon shugaba ya kira Dogo ofis, ya ce kunnensa ba ya kama sauti, yana jan kowa baya, gara ya ajiye aiki. Abin ya ci wa Dogo rai matuƙa. Mutumin da ko tafiya bai fara ba lokacin faifansu na farko!

Ya tafi wajen mai ɗaukar sauti ya ce a ciro masa tsohon faifai, layin gogen kaɗai, babu ganga babu busa. Mai ɗaukar sautin, tsoho ne tun zamanin Yaya, ya yi ta hanya-hanya: faifan ya ci ƙura, na'urar tana gardama, a bar wa Allah. Dogo ya kafe.

Ranar da za a kunna faifan ya tara kowa, har da autarsa, wadda tun tana ƙarama yake zaunar da ita gaban rediyo yana cewa, "Saurara can ƙasa, babanki ne."

Mai ɗaukar sauti ya kunna daga tsakiya. Sautin ya fito da kauri, tas, babu gargada ko ɗaya. Sabon shugaba ya sunkuyar da kai, auta kuwa har da hawaye.

"Mayar da shi farko," in ji Dogo, "su ji tun daga tushe."

"Dogo, ya isa haka," in ji tsohon. "Ka ci nasara."

Dogo ya ture hannun tsohon, ya mayar da faifan farko da kansa, ya danna. Faifan ya ɗan yi shuu. Kafin tsirkiyar farko ta motsa, daf da makirfon gogen, sai wani a cikin faifan ya yi ɗan tari, sau biyu.