Warin Majema a Ajin Ingilishi

Babana majemi ne, warin fata ba ya barin rigata komai wanki. Wata la'asar a lakwal, makarantarmu ta boko, mushen Ingilishi, wato malaminmu, ya rubuta kalmomin wari a allo, ya ce a kawo misalin "stink", wato ɗoyi. Ajin duka ya juyo yana kallona. Na sunkuyar da kai.

Mushe ya tako har teburina, ya ajiye jakarsa ta jar fata, ya ce, "Abin da ya ruɓe shi ke ɗoyi. Na rigarta 'pungent' ne, wari mai ƙarfi, na bagaruwa da aiki. Babanta ya jeme fatar jakar nan."

Yau ni ke koyar da Ingilishi a Agadas. Duk ranar wannan darasi, da fatar da Baba ya jeme nake shiga aji.