Sawun Kada a Tafkin Tamba

Ranar da Malam Zayyanu ya kafa allonsa a bakin Tafkin Tamba, Riskuwa masassaƙi ne ya fara tofa wa allon yawu. Rubutun ya ce a bar kamun kifi wata huɗu, a kuma daina jan ruwa da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai farce ba. Zayyanu malamin firamare ne, ƙungiyarsa ta kare tafki mutum biyar ce har da shi.

"Kai ɗan boko, kifi ya iya karatu?" in ji Riskuwa. "Ubana cikin ruwan ga ya tsufa, kai ko da katako za ka hana mu? Katakon ma ba a iya fere shi ba."

Kwana uku allon ya zama itacen girki. Sunusi, babban masu jan gidan sauro, ya ci gaba da shanya 'ya'yan kifi a tabarma kamar mai shanya gero.

Riskuwa mutum ne da duniya ta daɗe tana zalunta, in dai ta bakinsa za ka ji. Shekara talatin yana sassaƙa, daga Gulma har Argungu babu hannu irin nasa, amma ba wanda ya taɓa faɗin haka sai shi. Da can jiragen ruwa yake yi. Kifi ya ƙare, masu jirgi suka ƙare, ya koma turmi da akushi. A tafkin nan ubansa ya taɓa fid da giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka, yau kuwa ko tarwaɗar kirki babu. Kullum da sassafe yakan zaga bakin ruwan neman icce da buhu a kafaɗa, ya dawo da taɓo har gwiwa, yana zagin kowa.

Sai mata masu wanki suka ga sawu. Sawun kada, faɗinsa kamar faifai, ya fito daga ruwa ya koma. Gari ya taru. Goggo Fadimatu, wadda ta girmi kowa a wurin, ta leƙa ta ce ita ba ta taɓa ganin kadan da ba ya jan wutsiya ba. Kashegari aka ga jan wutsiya, mai kauri kamar an ja taɓarya.

Daga nan ba wanda ya sake tsoma ƙafa. Sunusi ya rataye gidan sauronsa, yana huci. Riskuwa ya fi shi huci. A kasuwa, a ƙofar masallaci, ko'ina ya ce Zayyanu ne ya jawo musu wannan masifa da allonsa, har mutane suka daina amsa gaisuwar malamin.

"A kawo maharbi," kullum maganarsa ke nan. "In babu namiji garin ga, a ɗauko wani wuri."

Ya faɗa har sau ɗari, don ya san mutanen garinsu, baki ne da su ba ƙafa. Abin da bai sani ba shi ne Sunusi zai ɗauka da gaske. Wata biyu cif, sai ga shi da Hodi, tsohon maharbin kada daga wajen Zauro.

A lokacin 'ya'yan kifin sun kai tafin hannu. Saura wata biyu su yi ƙwai. In Hodi ya ce ruwa lafiya, kafin la'asar gidan sauro ya share tafkin tas.

Da hantsi aka yi dafifi a bakin ruwa. Riskuwa ya tsaya a gaba. Hodi ya tsuguna kan sawun, ya sa tsinke yana ƙirga.

"Ƙafar gaba yatsu biyar, daidai ne," in ji shi. Ya matsa. Ya sake ƙirgawa. "Kada ƙafar baya huɗu gare shi. Wanga biyar."

"To mi ke nan, Baba Hodi?" Sunusi ya tambaya. "Mu shiga?"

Hodi ya ajiye tsinken. Ya dubi ruwan, inda kifi ke walƙiya a gindin ciyawa. Ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ɗan tsaya a kan wandon Riskuwa mai taɓo, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Ni kadan da na sani ni ka harbi. Irin wanga ba a harbinai, ba a shiga ruwanai. Ku ba shi wata biyu, shi ka tashi da kainai." Ya rataya bindigarsa. "Amma gaskiya mummuna ne. Tun da nike ban ga sawu mai muni hakan ga ba."

"Muni?" Riskuwa ya zabura, har rawaninsa ya zame. "Kai tsoho, mi ka sani ga kyau? Matsoraci, an kira ka harbi ka tsaya zagi."

Da ƙyar aka riƙe shi. Sunusi da kansa ya ba shi haƙuri, ya ce shi ma ransa ya ɓaci, amma ba yadda za a yi da abin da ya fi ƙarfin bindiga.

Riskuwa ya tafi gida yana faɗa shi kaɗai. Shekara talatin, kuma yau wani maharbi da ko cokali bai iya ferewa ba ya tozarta shi a bainar jama'a. Ya tura ƙyaure, ya zazzage buhunsa, ƙafafun kada huɗu na iccen maɗaci suka zubo. Ya ɗaga gizago zai sare yatsan da ya yi yawa, sai ya tuna ba dama, duk gari an riga an ƙirga.