Ƙwallo Dubu Biyar a Sito

Alhaji Ma'azu na cin shinkafa a ofishinsa na unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou wayar ta shigo. Ofis dai suna ne: ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, injin fakis, da allon ƙarfe a ƙofa mai sunan kamfanin kayan wasanni. Kamfanin bai taɓa sayar da ko safa ba.

Aikinsa sa hannu. Wani kulob ɗin ƙwallo na Ostareliya ne ya ɗauke shi, shekara biyu ke nan. A can hukumar gasa ta yanka wa kowane kulob iyakar abin da zai biya 'yan wasansa gaba ɗaya, don kada masu kuɗi su kwashe gwanaye. Shi kuwa wannan kulob yana da gwani ɗaya wanda iyakar ba ta isa riƙe shi ba. Sai suka yi dabara. Duk wata Ma'azu ya aika takarda cewa ya sayar musu da ƙwallaye. Su biya. Kuɗin ya sauka Hong Kong, ya kwana ɗaya, ya wuce asusun gwanin a wani tsibiri. Hukumar gasa ba ta gani ba, masu haraji ba su ji ba. Ma'azu ya yanki ɗaya bisa goma.

Da wannan yankin yake ci, yake sha, yake kuma raina 'yan uwansa Kanawa masu jan buhunan wanduna a rana. Sunansa kaɗai ne a takardun. Wannan ma girma ya ɗauke shi.

Ma'ajin kulob ne a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Wani ya tsegunta. Hukuma ta turo mai bincike, zai sauka Guangzhou ran Litinin, yana so ya ga kaya da idonsa. Takardar wannan watan ta ce futbol dubu biyar, to a tara futbol dubu biyar. In ya gamsu, harka na nan. In bai gamsu ba, su ba su san wani Ma'azu ba. Kada kuma ya kira su.

Ma'azu ya ajiye cokali, ya dubi hoton gwanin da suka taɓa aiko masa. Wuya kamar na bijimi, kunne ɗaya a tauye, haƙoran gaba babu biyu. Ya sha faɗa cewa Turawan can ba ƙwallo suke yi ba, dambe ne.

Sito yake buƙata. Ya nufi tashar jiragen ruwa ta Huangpu wajen Hajiya Sauda, mutuniyar Kumasi mai loda kaya zuwa Tema. Ta saurare shi tana lissafin katan, ta ce ta ba shi aron sitonta na kwana uku.

"Amma Alhaji, ka taɓa kallon wasan nasu?"

"Ni za a koya wa ƙwallo, Hajiya? Tun ta tsumma nake bugawa a Fagge."

Ta ci gaba da ƙirga katan ɗinta.

A masana'anta ya miƙa wa lauban, mai wurin, takardar kulob mai tambari a sama. Mutumin ya duba tambarin, ya shiga ciki, ya fito da samfur. Ma'azu ya yi dariya har da tari. Abu a matse, kamar mota ta taka shi. Wato an ga baƙar fata, za a sauke masa wanda inji ya ɓata.

"Meyo," in ji shi, wato a'a da yarensu, yana kaɗa yatsa. "Wannan ka kai wa kakarka."

Lauban ya nuna takardar, ya nuna samfurin. Ya sake nunawa. A na uku Ma'azu ya wuce da kansa ya ɗauko mai kyau daga kanta, fari da baƙi, ya buga shi a ƙasa ya cafe. Lauban ya ɗaga kafaɗa. Kuɗi dai kuɗi ne.

Jarinsa kaf ya tafi a nan. Bai damu ba. Ya sa aka hura ɗari biyar aka jera a gaba cikin raga, sauran a katan har rufi. Ya sayi sabuwar shadda. Ran Lahadi ya tsaya a bakin siton yana kallon aikinsa, ya ji tausayin Bature, mai ilimi da yawa da wayo kaɗan.

Mai binciken ya zo a tasi. Dattijo ne mai tabarau, da faɗin kafaɗa da karyayyen hanci. Ya shiga, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya sa aka buɗe katan uku daga can ƙurya. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya shi, ya cire tabarau ya goge ido.

"Irin waɗannan kake aika musu?"

"Su, ba wasu ba. Duk wata, shekara biyu."

"Kuma da su suke wasa?"

"Har atisaye. Gwanin nasu da kansa ya yaba."

Baturen ya roƙe shi ya rubuta haka. Ma'azu ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi sau biyu don kada a ce bai fito ba. Aka ɗauke su hoto a gaban katan-katan, shi yana riƙe da ƙwallo a ƙirji. Hajiya Sauda ta ƙi shiga.

A bakin tasi baturen ya gode masa ƙwarai. Ya ce wata takwas yana bin wannan kulob bai samu abin kamawa ba, sai yau. Ma'azu bai gama juya maganar ba mutumin ya zuge jaka, ya ce ga tsaraba, ya ɗora masa a hannu.

Dogo ne, mai tsini biyu, da tambarin kulob a ciki, sak wanda lauban ya nuna masa sau uku: gasar tasu ta zari-ruga ce, wadda a can ita ma futbol ake ce mata.