Shekarar Farko ta Yaya Tasalla

Ranar da Barira ta shiga jami'a aka haɗa ta da Tasalla, 'yar ajin ƙarshe. A dokar makarantar, kowane babba zai miƙa wa sabon shiga duk abin da yake tunawa na shekararsa ta farko. Tasalla ta ɓalle wani ɗan ƙarfe daga bayan kunnenta, ta manna wa Barira.

Nan take Barira ta san makarantar kamar gidansu. Ta ja hannun Tasalla tana dariya.

"Yaya, ga hanyar yanke zuwa ɗakin karatu! Kuma famfon bayan masallaci ba ya ɗaukewa, ko?"

"Tunda kin faɗa, haka ne."

A wurin mai awara, wata mata ta taho da gudu ta rungume Tasalla tana cewa rabonsu tun ajin farko. Daɗi ya kama Barira kamar ita aka runguma. Tasalla ta yi murmushi, ta raɗa wa Barira:

"Ƙanwata, wace ce wannan?"

"Kubura ce, Yaya. Ita ta yi jinyarki da kika kwanta zazzaɓi."

Tasalla ta dubi matar, sannan ta juyo ga Barira. "To ki riƙe min ita da kyau."