Zanen da Aka Ƙi Wankewa

Na ga ranka ya ɓaci don an yi maka gyara, to zauna ka ji wannan. An yi wani manomi da matarsa ta rasu ana gab da faɗuwar damina. Da aka raba kayanta, bai nemi komai ba sai wani zanen saƙi mai rinin shuni, wanda ta fi yawan ɗaurawa in za ta yi girki. Zanen yana ɗauke da ƙanshinta, humra da hayaƙin murhu, ga ɗigon man gyaɗa a gefe guda. Ya ninke shi yadda yake, ya sa a ƙasan adaka ya kulle. Ƙanwarsa, wadda ke kawo masa tuwo tun bayan rasuwar, ta ce masa tufa ba ta son a ajiye ta da dauɗa, don gumi da maiƙo su ke kiran asu. Ta roƙe shi ya bari ta wanke, ta shanya, ya bushe sarai kafin ruwa ya kankama. Shi kuwa, Allah sarki, tsoro biyu ne suka cika masa ciki: kada sabulu ya tafi da ƙanshin, kada kuma zanen ya fito tsakar gida wata 'yar'uwa ta ce tana so. Sai ya murtuke fuska ya ce ai an gama rabo. Ta ci gaba da kawo tuwonta.

Damina ta yi nauyi, danshi ya hau bangon ɗaki. Da kaka ta yi, kewa ta taso masa, ya buɗe adaka don ya shinshina, sai warin fumfuna ya tare shi. Asu ya cinye daidai wurin man gyaɗan, ya bi layin ninki ya huhhuda. Dattijo da furfurarsa ya zauna a ƙasa yana hawaye, har ƙanwar ta shigo ta same shi a haka. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta karɓi zanen, ta wanke shi a hankali da sabulun salo, ba murza ba matsa, ta juya shi baibai ta shanya a inuwar darbejiya don kada rana ta sha sauran shunin. Rabinsa kawai ya tsira. Ta kalmashe bakinsa, ta miƙa masa ta ce, “Yaya, ga abinka. Ni dama ba so nake ba, so nake ya daɗe a hannunka.” Ƙanshin dai ya tafi, kuma rabin da ya rasa, da hannunsa ya rasa shi.

Shi ya sa magabata suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.