Raɗar Baba Fasto

A Jidda ba mu da coci. A falon wani gida a Aziziyya muke sujada ran Juma'a, mu rufe tagogi, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Fastonmu dattijo ne mai aikin sito a tashar jiragen ruwa, Baba muke ce masa.

Ranar da aka binne ƙanena jariri, ya zo gidanmu da la'asar, rigarsa tana warin dizal. Bayan ya yi wa iyayena gaisuwa, ya same ni a rakuɓe a kicin.

Na ce, "Baba, don a hankali muke addu'a ne Allah bai ji ba?"

Ya kashe esi, na'urar sanyaya ɗaki, gidan ya yi tsit, ya koma can bakin ƙofa ya kira sunana cikin raɗa.

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Ke ma kin ji, 'yata, balle Shi. Dalilin da ya sa ya ɗauke shi kuwa, ni ma ban sani ba."

Sai a lokacin kuka ya zo mini. Yau ni ma na binne ɗana, kuma cikin duk masu ta'aziyya, wanda zai ce bai sani ba nake ta nema.