Muryar da Suka Sani

"Kin gani ko? Har dabbobi sun ƙi ni," Dogo ya ce da hoton matarsa da ke jingine a kan firij.

Yana zaune a ƙasa, ya miƙa hannu cikin keji da ɗan guntun kabeji. Ɓerayen Masar biyu, fari da mai ja a kunne, sun dunƙule can cikin kwali. Hancinsu kawai ake gani yana rawa. Makonsu uku ke nan a gidan.

Kafinta ne ya kawo su, amininsa tun suna yawo ba takalmi. Wata guda bayan rasuwar matar Dogo ya shigo da kejin a kafaɗa, ya rame kamar shi aka yi wa mutuwar. Ya ce shiru zai kashe Dogo a ɗakin nan, gara ya sami abin kula. Ya ce shekararsu guda a ɗakinsa na bayan shago, inda ba mai shiga sai shi, kuma yanzu ya gaji da ganinsu.

Ya koya masa komai. Kada ya kamo su ta sama, za su ɗauka shaho ne. Ya zauna ƙasa, ya sassauta murya, ya bar hannunsa a buɗe har su zo da kansu. In zai ɗauka, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi baya.

"Yaushe za su saba da ni?"

"Ranar da suka ji muryarka suka fito suna tsuwa. Ba sa yi wa baƙo, mutumina. Sai wanda ya daɗe yana ba su a hannu."

Dogo direban babbar mota ne, ya saba da tafiyar kwana huɗu da biyar, amma tun da ta tafi bai sake hawa titi ba. Ya mai da ɓerayen nan aikinsa. Ya canza musu garin katako, ya wanke mazubin ruwa, ya yi musu hira da safe da yamma. Yayarsa ta leƙo ta ce, ƙato da shi ya zama mai reno. Ta ƙyasta musu yatsa, suka ruga cikin kwali.

Karas ne kawai ke sa su leƙo da kai. Duk lokacin da yake yanka shi sai ya tuna matarsa. Ba ta dawowa daga kasuwa ba tare da karas ba, shi kuwa bai taɓa ganinsa a tukunya ba. In ya tsokane ta, sai ta yi dariya ta ce a hanya take cinyewa.

Ranar Laraba da hantsi, fari ya karɓi karas daga yatsunsa ya gudu da shi. Dogo ya yi murmushi. Ya ga yau zai iya abin da ya kasa wata biyu. Ya ɗauko waya, ya nemo saƙon muryarta na ƙarshe, ya danna.

"Maigida, ka iso lafiya? Ni na fita kasuwa, ba zan daɗe ba."

Kwalin ya kife. Su biyun suka fito a guje, suka miƙe tsaye jikin ragar kejin, suna tsuwa kamar za su tsage, suna nemanta ta bayansa, ta ƙofa.

Ya kashe. Suka yi tsit. Ya sake dannawa, suka sake.

Ya daɗe yana kallon hoton da ke kan firij, karas na bushewa a hannunsa.

Kafinta ya kira da yamma yana tambaya ko sun fara sabawa. Dogo ya ce da sauƙi. Har yau bai faɗa wa kowa ba cewa dabbobin da ba su taɓa barin ɗakin amininsa ba sai ranar da ya kawo su, sun san muryar matarsa.